Daga Gyatsar Saniya Zuwa Kwalbar Miller: Amsoshin Wasiƙunku

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙonni sun taru mani akan noma da kiwo da wannan magana ta ɗumamar yanayi, sai kuma wata ɗaliba ta jefo tata tambayar da farko na ɗauka bata da haɗi da sauran, sai da na zauna rubuta amsa naga ashe iskoki guda biyu zuwa uku ne muke ta juyawa tun daga turken shanu har cikin ɗakin gwaji. Guda huɗu na ɗauka.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗan makiyayi ne daga wajen Yola, babanmu nada shanu kusan 40 kuma dasu muke ci muke sha har karatuna ma dasu ake biya. Naji a rediyo wai turawa na cewa shanu ne ke ɓata iskar duniya har wasu na cewa a rage kiwo. Don Allah gaskiya ne ko dai wata dabara ce ta raba mu da dukiyarmu?

AMSA: Ɗan'uwa na fahimci damuwarka sosai kuma bazan ɓoye maka ba, akwai gaskiya a maganar, amma yadda ake faɗinta a gajarce shi ke sa mutum yaji kamar shi ake nufi da sharri.

Kasan saniya ba ita ke narkar da ciyawa da kanta ba. A cikin tumbinta akwai ƙananan halittu da ido baya gani, biliyoyinsu, sune ke ruɓar da ciyawa da kara su mayar dasu abinda jikinta zai iya amfani dashi, shi yasa take tuƙa tana ƙara niƙa musu. Toh a cikin wannan aikin ana samun iskar haidirojin da kabon dayoksaid, sai wani jinsi na waɗannan halittun ya haɗa su biyun ya fitar da iskar metan, ita kuma saniya ta fitar da ita. Mutane da yawa na zaton ta baya take fita, a'a, sama da kashi 90 cikin 100 ta baki take fita, gyatsa ce. Ita metan ɗin nan in ta hau sama tana riƙe zafin rana fiye da kabon dayoksaid kusan sau 28 in an auna a shekara 100, in kuma shekara 20 aka auna ya kai kusan sau 80, sai dai bata daɗewa, wajen shekara 12 take yi ta lalace. Wannan rashin daɗewar shi yasa masana suka matsa mata, don in an rage ta yau za'a ga amfanin tun muna raye. A rahoton da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya FAO ta fitar a 2013 tace harkar kiwo gaba ɗaya, har da noman abincin dabbobi da sare daji don su, tana bada kashi 14.5 na iskar da ɗan adam ke fitarwa mai ɗumama duniya.

Amma fa a faɗi gaskiya duka. Nahiyar Afirka kaf hayaƙin man fetur da kwal da gas da take fitarwa bai kai kashi 4 cikin 100 na duniya ba, kuma saniyar madara ta Amurka da ake ɗura mata abinci dare da rana tana iya fitar da sama da kilo 100 na metan a shekara, Bunajin babanku da ke yawo da rani tana lasar busasshiyar ciyawa bata kusa da haka. Don haka duk wanda yazo yace babanku ne ya ɗumama duniya bai yi adalci ba, ni dai ban yarda dashi ba.

Abinda nake so ka kai wa baba shine wannan: metan ɗin da saniya ke gyatsarwa abincinta ne ke tashi a iska. Bincike ya nuna tsakanin kashi 2 zuwa 12 na ƙarfin abincin da taci a haka yake salwanta, kuma ciyawa mara kyau mai tauri ita tafi jawo asarar in ka auna da ɗan nonon da ake samu. Kaga kenan rage metan da ƙara nono hanyarsu ɗaya.

Masu bincike a waje sun samo abubuwa biyu da akafi magana a kansu. Na farko wani gari ne da kamfanin DSM na ƙasar Holan ya haɗa mai suna Bovaer, ɗan kaɗan ake zubawa a abinci kullum, wajen rubu'in ƙaramin cokali, yana toshe matakin ƙarshe da halittun nan ke bi su haɗa metan, a shanun madara yana rage kusan kashi 30, Tarayyar Turai ta amince dashi a 2022. Na biyu wata jar ciyawar teku ce mai suna Asparagopsis wadda masana a Ostareliya sukayi ta gwaji da ita, a wasu gwaje-gwajen shanun turka ragin ya wuce kashi 80. Sai dai duk biyun sai dabbar da take ɗaure ana auna mata abinci kullum, in ka daina bata, metan ɗin ya dawo, toh ina garken da zai tashi daga Adamawa ya nufi kudu da rani zai samu haka? Namu maganin yana kusa damu, harawar wake da ta gyaɗa a adana su da kyau kar rana ta cinye su, dusa, rigakafi akan lokaci, maganin tsutsar ciki, da zaɓen bijimi mai kyau. Sa da ya isa kasuwa a shekara 3 maimakon 5 ya rage gyatsar shekara 2 kenan kuma kuɗin ya shigo da wuri. Irin wannan aikin na abincin dabbobi da inganta iri shi cibiyar NAPRI ta Shika kusa da Zariya ta daɗe tana yi, a Nairobi kuma cibiyar ILRI nada sashe mai suna Mazingira inda suke auna ainihin iskar da dabbobin Afirka ke fitarwa, don kar a riƙa yi mana lissafi da ma'aunin shanun Turai.

TAMBAYA: Salam malam, manomin shinkafa ne ni daga Kura, noman rani nake. Wani malamin gona yazo yace mu daina barin ruwa kwance a fangali kullum wai mu riƙa bari yana shanyewa. Mu kuma tun kakanni mun san shinkafa ƴar ruwa ce. Bazai kashe mana amfani ba?

AMSA: Alhaji bazai kashe ba in anyi shi bisa ƙa'ida, kuma malamin nan ba daga kansa ya ƙirƙiro ba. Dabara ce da cibiyar binciken shinkafa ta duniya IRRI dake Filifin ta gwada shekara da shekaru. Shinkafa tana jure ruwa ne fiye da ciyawa shi yasa ake tare mata shi, amma ba dole bane saiwarta ta kwana cikin ruwa tun daga dashe har girbi. In ruwa ya kwanta ya daɗe iska bata shiga ƙasa, sai irin halittun nan da na faɗa a tumbin saniya su samu wurin zama a cikin taɓo, suna cin ruɓaɓɓen tattaka suna fitar da metan, wannan kumfar da kake gani tana tasowa in ka taka laka da yawanta ita ce. Da ƙasa ta sha iska sai aikinsu ya tsaya.

Yadda akeyi shine ka samu fayif na roba tsawon santimita 30, ka huhhuda rabinsa na ƙasa, ka kafa shi a fangali ka kwashe ƙasar dake cikinsa yadda zaka riƙa leƙa ruwan dake ƙarƙashi. Bayan dashe da sati 1 zuwa 2 sai ka bar ruwa ya janye, kana dubawa, in ya sauka santimita 15 ƙasa da doron ƙasa sai ka sake bada ruwa ya hau kamar santimita 5. A wannan zurfin saiwa na nan tana sha ko da saman ya fara tsagewa. Inda mutane ke kuskure shine lokacin fure, daga sati ɗaya kafin ta fitar da kai zuwa sati ɗaya bayan nan kar ka kuskura ka barta da ƙishi, nan ne ake asara. Sannan in gonarka nada ciyawa sosai ka fara maganinta tukun, don busarwa na bata dama. IRRI na cewa ana iya rage ruwa har kashi 30, metan kuma kusan rabi. Ga mai jan ruwa da inji da tsadar fetur ɗin nan ai kai kasan me kashi 30 ke nufi a aljihu. Shawarata ka gwada a fangali biyu ko uku bana, ka auna buhunan da idonka kafin ka ɗora duka gonar a kai.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni mace ce mai noman masara da dawa a wajen Maraɗi, mijina ya rasu ni ke riƙe da gonar. Ɗana da ke makaranta yace takin yuriya shima yana ɓata iska. Da ƙyar nake sayen rabin buhu, yanzu kuma in daina?

AMSA: Hajiya Allah ya jiƙan maigida, ya kuma ƙara miki ƙarfi. Kar ki daina. Matsalar gonakinmu ƙarancin taki ce, a taron taki da akayi a Abuja a 2006 shugabannin Afirka sun samu cewa abinda manomanmu ke sawa wajen kilo 8 ne a hekta, suka sa burin kaiwa 50, alhali akwai ƙasashen da ke zuba sama da 200. Gonar da bata samu taki ba ita ke sa a ƙara sare daji.

Amma ɗanki yayi gaskiya ta wani ɓangaren. Yuriya kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne, shine abincin da ke sa ganye yayi kore shar. In kika watsa ta a saman ƙasa da rana tsaka, wani ɓangare na zama amoniya ya tashi, wannan warin mai hawa hanci da kike ji shine kuɗinki ke tafiya, wani ruwa ya wanke, wani ɗan kaɗan kuma, wajen kashi 1 cikin 100, ƙwayoyin cikin ƙasa su mayar dashi iskar naitiros oksaid wadda tafi kabon dayoksaid riƙe zafi sau 270 da ɗoriya kuma tana wuce shekara 100 a sama. A duniya gaba ɗaya ko rabin takin da ake zubawa shuka bata samu. Maganin ki tona kusa da gindin shuka ki binne ki rufe, lokacin da ƙasa keda danshi, ki raba shi kashi biyu maimakon zubawa lokaci ɗaya. A nan Nijar ɗinku ne ma, a cibiyar binciken noma ta ICRISAT dake Sadore kusa da Yamai, aka inganta dabarar sa ɗan taki cikin murfin kwalba a kowane rami, don mai rabin buhu irinki akayi ta. Ki riƙa haɗawa da wake, in kika tuge shi zaki ga ƴan ƙulle-ƙulle a saiwarsa, ƙwayoyin dake ciki suna ɗauko naitirojin daga iska kyauta. Ga kuma gawo da ku mutanen Maraɗi kuka fi kowa sani, yana zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana ya kuma ciyar da ƙasa, sassabin zamani, wato barin itatuwa su sake tohowa a gona ana kula dasu, da aka fara a yankinku a shekarun 1980 yau duniya ke zuwa koyo. Dawarki ma masana a Japan sun gano saiwarta na fitar da wani sinadari da ke rage saurin lalacewar naitirojin a ƙasa, suna ta aiki akan yadda za'a ƙarfafa wannan halin a iri.

TAMBAYA: Malam ni ɗaliba ce ina karanta kemistiri aji biyu a jami'a. Lakcaranmu ya ambaci wai an taɓa haɗa rai a kwalba a Amurka, abin ya tsaya mani a rai har na kasa barci don ina tsoron imanina. Wai da gaske ne? Kuma me ake nufi da asalin rai ta hanyar sinadarai?

AMSA: Ƙanwata ki kwantar da hankalinki, ba'a haɗa rai a kwalba ba, ba'a taɓa yi ba, babu ɗakin gwajin da ya ɗauki sinadarai marasa rai ya fito da ko ƙwayar halitta ɗaya mai ci mai hayayyafa. Abinda aka haɗa tubali ne, kuma tubali daban gida daban. Amma labarin yana da daɗi kuma ya kamata ki sanshi da kyau tunda fanninki ne.

Abin ya faro ne da yuriyar nan da muka gama magana a kai. Da can masana na ganin sinadaran da ke jikin mai rai sai mai rai ne kaɗai ke iya yinsu, sai a 1828 wani Bajamushe Friedrich Wöhler ya haɗa yuriya a ɗakin gwaji daga sinadaran da ba daga jikin dabba suka fito ba, alhali a fitsari aka santa. A shekarun 1920 Oparin a Rasha da Haldane a Ingila kowa da kansa yace watakila a farkon duniya, lokacin babu iskar oksijin, sinadarai masu sauƙi sun riƙa haɗuwa a ruwa suna zama masu sarƙaƙiya. Magana ce kawai har 1952, lokacin da wani ɗalibi ɗan shekara 22 a jami'ar Chicago mai suna Stanley Miller ya roƙi malaminsa Harold Urey ya barshi ya gwada. Ya haɗa kwalabe biyu da bututun gilashi, ɗaya da ruwa yana tafasa a madadin teku, ɗayar ya cika ta da metan da amoniya da haidirojin a madadin sararin sama, ya riƙa sakar musu tartsatsin lantarki a madadin walƙiya. Cikin sati ɗaya ruwan ya rine yayi ja-ja, da ya bincika ya samu amino asid irinsu gilaisin da alanin, wato tubalan da ake gina furotin dasu. An buga sakamakon a 1953. Miller ya rasu a 2007, sai tsohon ɗalibinsa Jeffrey Bada ya samu ƴan kwalaben da ya adana tun wancan lokacin, da aka sake aunawa da na'urorin zamani a 2008 aka ga amino asid sama da 20 a cikin ɗaya daga gwaje-gwajen. Ki lura da iskokin da ya zuba, metan ta gyatsar saniya da amoniya ta takin Hajiya, wallahi duk sanda na tuna wannan sai naji tsigar jikina ta tashi.

Gwajin nada rauninsa fa. Masana ƙasa da yawa yanzu na ganin sararin farkon duniya yafi yawan kabon dayoksaid da naitirojin, a irin wannan haɗin kuma amfanin da ake samu kaɗan ne. Shi yasa bincike ya rarrabu. Wasu sun koma kallon sama, dutsen da ya faɗo a Murchison ta Ostareliya a 1969 an samu amino asid da dama a cikinsa, sannan kumbon hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka NASA ya dawo a Satumban 2023 da giram 121 da ɗoriya na ƙurar wani dutsen sararin samaniya mai suna Bennu, a farkon 2025 aka sanar da samun 14 daga cikin amino asid 20 da jikin mai rai ke amfani dasu, da duka haruffa 5 da ake rubuta DNA da RNA dasu, wato sinadaran da ke ɗauke da bayanan gado a jikin mai rai. Faɗowar dutse daga sama ba baƙon abu bane ko a wajenmu, a Oktoban 1962 wani mai nauyin kilo 18 ya faɗo a gona a Zagami cikin jihar Katsina ta yanzu, daga baya aka tabbatar daga duniyar Mas yake, ba amino asid ne ya ɗaukaka shi ba amma har yau masana na nazarinsa. Wasu kuma RNA suka kama, tunda bayan ɗaukar bayani da aka santa dashi Thomas Cech da Sidney Altman sun nuna tana iya tura haɗuwar sinadarai da kanta, abinda ya basu kyautar Nobel a 1989, a 2009 kuma John Sutherland a Manchester ya nuna hanyar da biyu daga tubalanta zasu iya haɗuwa daga sinadarai masu sauƙi. Gaɓar da ta rage ita ce babba, yadda tubalan zasu jeru bisa tsari, su shiga cikin wata fata da zata raba su da waje, su fara kwafin kansu. Wannan har yau a buɗe take.

Akan imani kuma, malamanki na addini sune ahalin wannan, ki je musu da tambayar ba tare da kunya ba. Ni abinda zan faɗa miki shine mai bincike a ɗakin gwaji yana tambayar ta yaya abu ke haɗuwa ne, kwalba bata amsa waye ya halitta ko don me, kuma Musulmi da Kirista da yawa sunyi wannan fannin da imaninsu daram. Ni kaina sanin cewa akwai tubalan furotin a ƙurar dutsen dake yawo a sararin samaniya ƙara mani tsoron Allah yayi.

Akwai reshe na uku da nafi so ki duba tunda yana da hanyar yin bincike ko a nan gida. A shekarar 2000 an gano wani wuri a ƙasan tekun Atlantika da ake kira Lost City, inda ruwa mai ɗumi ke fitowa daga duwatsu ɗauke da haidirojin da metan ba tare da hasken rana ba, wasu masana na ganin a irin wannan wurin ne sinadaran farko suka samu ƙarfin haɗuwa. Halittun da ke rayuwa da haidirojin da kabon dayoksaid kaɗai, waɗanda oksijin ke kashewa, ana ɗaukar salon rayuwarsu cikin mafi daɗewa a duniya, kuma da nazarinsu ne Carl Woese ya gano a 1977 cewa akwai wani babban reshe na halittu daban da bakteriya, wanda ake kira akiya. Danginsu ne a tumbin shanun ɗan'uwanmu na Yola da kuma taɓon fangalin Alhaji na Kura. In lokacin furojet ɗinki yazo, ruwan tumbi daga mahauta da kwalba mai murfin roba da sirinji sun isa ki fara auna yawan iskar da harawar wake ke bayarwa in an gwada ta da karan dawa, ki nemi malami a sashen kimiyyar dabbobi ya duba miki tsarin tun yanzu.